Mahaƙar Panasqueira ta Ƙasar Fotugal: Tsarin Duwatsunta da Tarihin Haƙar Tangistin da Azurfa

1.0 Gabatarwa

A tsakiyar ƙasar Fotugal, a yankin da ake kira Beira Baixa, akwai wata tsohuwar mahaƙar ma'adinai ta ƙarƙashin ƙasa mai suna Panasqueira. An fara haƙarta tun a ƙarshen ƙarni na 19, kuma in aka ɗauke wasu 'yan shekaru da aka dakata, ba a bar aiki a cikinta ba har zuwa yau. Babban abin da ake fitarwa daga cikinta shi ne tangistin, sai kuza da jan ƙarfe, sai kuma azurfa wadda take fitowa a cakuɗe da jan ƙarfen. Tana cikin mahaƙun tangistin mafi daɗewa da kuma mafi shahara a nahiyar Turai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda duwatsun wannan wuri suka samu, da yadda ma'adinan suka taru a cikinsu, sa'an nan ta bi tarihin haƙarsu daga farko zuwa yanzu. Abin da maƙalar take son ta nuna shi ne yadda darajar ma'adini take canzawa da zamani. Azurfa, wadda ɗan Adam ya shafe dubban shekaru yana ƙawa da ciniki da ita, 'yar rakiya ce kawai a wannan mahaƙa. Baƙin dutsen da mahaƙan dā suke tsine wa shi ne ya zama uban tafiya, har manyan ƙasashe suka yi ta kokawa a kansa. Abin da ya kawo wannan juyi ya faru ne a masana'antu da fagagen yaƙi masu nisa da Panasqueira, amma mutanen ƙauyukan da ke kewaye da ramin su ne suka ɗauki nauyinsa a jikinsu.

2.0 Ƙarfe Guda Mai Suna Biyu

Kafin a shiga batun mahaƙar, ya kamata a warware batun suna, domin wannan ƙarfe yana da sunaye biyu a harsunan Turai, kowanne da tarihinsa.

Suna na farko shi ne wolfaram, kuma ya fito ne daga bakin masu haƙar kuza na duwatsun da ke kan iyakar Saksoni da Bohimiya, wato tsakanin Jamus da ƙasar Cek ta yanzu. Waɗannan mahaƙa sun lura da cewa akwai wani baƙin dutse mai nauyi da yake fitowa tare da kuza, wanda wanki ba ya raba su. Idan ya shiga murhun narki sai ya ja wani kaso na kuzar zuwa cikin kashin ƙarfe, abin da ake samu ya ragu. Sai suka ce yana cinye kuza kamar yadda kyarkeci yake cinye tumaki, suka laƙaba masa suna daga sunan wannan dabba. Masanin ma'adinai Georgius Agricola ya kawo shi a rubuce-rubucensa na ƙarni na 16 da kalmomin Latin masu ma'anar kumfar bakin kyarkeci. Ke nan asalin sunan zagi ne. Daga nan ne harshen Fotugal ya sami kalmar volfrâmio, daga nan ne kuma aka ɗauko harafin W da yake wakiltar ƙarfen a ilmin kimiyya.

Suna na biyu, tangistin, daga harshen Suwidin yake, kuma ma'anarsa dutse mai nauyi. A shekarar 1781 Carl Wilhelm Scheele ya fitar da wani sabon sinadari daga wani dutse da mutanen Suwidin suke kira da wannan suna. Bayan shekara biyu, a 1783, wasu 'yan'uwa biyu mutanen Sifen, Juan José da Fausto Elhuyar, suka ware ƙarfen kansa daga wancan baƙin dutse na mahaƙan kuza, a garin Bergara. Ingilishi da Faransanci sun riƙe suna na biyu, Jamusanci da harshen Fotugal sun riƙe na farko. Abin mamaki, mutanen Suwidin da kansu wolfaram suke kiran ƙarfen. A cikin wannan maƙala za a yi amfani da tangistin a matsayin sunan ƙarfen, wolfaram kuma a matsayin sunan baƙin dutsen da ake haƙowa.

Halayen ƙarfen su ne suka ɗaga darajarsa daga baya. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salshiyas, babu wani ƙarfe da ya kai shi jure wuta. Nauyinsa kuma ya ninka na ruwa fiye da sau 19, kusan daidai da na zinariya.

3.0 Wurin da Tsarin Duwatsunsa

3.1 Muhalli

Mahaƙar tana a ƙananan hukumomin Covilhã da Fundão, a kudancin jerin duwatsun Serra da Estrela, inda tsauni mafi tsawo a tudun ƙasar Fotugal yake, mai tsawon mita 1,993. Kogin Zêzere, wanda yake zuba ruwansa a cikin kogin Tejo, ya ratsa ta kudancin filin haƙar. Ƙasa ce mai tuddai da kwazazzabai, ba ta da albarkar noma sosai. Kafin zuwan haƙa mutanen wurin sun dogara ne da kiwon awaki da tumaki, da ɗan noman gangare, da toya gawayi. Sunan Panasqueira ma daga wata ciyawa yake da ake kira panasco, wadda ta yawaita a kan tudun da aka fara haƙa.

3.2 Dutsen Gida da Dutsen Baƙo

Duwatsun wurin iri biyu ne. Na farko shi ne wanda za a iya kira dutsen gida, wani dutse mai duhu mai falle-falle da masana suke kira shist. Asalinsa laka ce da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin wani tsohon teku fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Daga baya, lokacin da manyan sassan doron ƙasa suka yi karo suka tayar da jerin duwatsun da ake kira Baristik a yammacin Turai, sai matsi da zafi suka lanƙwasa wannan laka suka mayar da ita dutse.

Na biyu shi ne dutsen baƙo, wato giranit. A ƙarshen wancan karo, narkakken dutse ya taso daga can ƙasa ya kutsa cikin shist, amma bai kai ga fitowa sarari ba, sai ya tsaya ya huce a hankali. A Panasqueira ba a ganin wannan giranit a bisa ƙasa. A cikin ramin ne mahaƙa suka ci karo da ƙololuwarsa, mai siffar kifaffiyar ƙwarya. Ruwan zafi ya riga ya canza wannan ƙololuwa, ya mayar da ita wani dutse na ƙanƙara da maika wanda ake kira giraisin. Maika dai wani ma'adini ne mai ƙyalli da yake ɓarewa kamar takarda. Irin wannan haɗuwa ta giranit da giraisin da kuza da wolfaram ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, domin ana samunta a Ririwai ta Jihar Kano, sai dai duwatsun Ririwai ba su kai na Panasqueira tsufa ba.

3.3 Jijiyoyin Ma'adini

Yayin da giranit yake hucewa, ruwa da gishiri da ƙarafan da ba su sami gurbi a cikin dutsen ba sukan taru a samansa. Wannan ruwa mai tsananin zafi, wanda binciken masana ya nuna ya kai wajen digiri 300, shi ne ya ɗauko tangistin da kuza da jan ƙarfe da azurfa. Da matsinsa ya rinjayi nauyin duwatsun da ke kansa, sai ya buɗe tsagogin da ke cikin shist ya shiga. Abin da ya daskare a cikin tsagogin shi ne ake kira jijiya: farin dutsen ƙanƙara ɗauke da baƙaƙen wolfaram masu siffar ruwan wuƙa. Gwajin shekarun maikar da ke cikin jijiyoyin ya nuna cewa hakan ya faru ne kimanin shekara miliyan 295 da suka wuce.

Abin da ya bambanta Panasqueira da yawancin mahaƙu shi ne jijiyoyinta a kwance suke. A wasu wurare jijiya takan nutsa ƙasa a tsaye kamar bango, a nan kuwa shimfiɗe suke kamar tabarmi, wata bisa wata, suna da yawan gaske. Kaurin yawancinsu bai wuce santimita 30 ba, ko da yake wasu sukan kai mita guda. Jijiya takan yi ta sirancewa har ta ƙare, sai wata ta ɗauka a ɗan sama ko a ɗan ƙasa da ita. Mahaƙan wurin suna kiran wannan siririn ƙarshe rabo de enguia, wato wutsiyar wani kifi mai kama da maciji. Suna kuma da sunan da suke kiran wani farin dutsen ƙanƙara da ya girmi jijiyoyin, wanda ba ya ɗauke da kome: seixo bravo, wato tsakuwar daji. Rarrabe tsakanin waɗannan fararen duwatsu biyu yana cikin abin da sabon mahaƙi yake fara koya.

3.4 Matakan Daskarewa da Gurbin Azurfa

A wani shahararren bincike da Kelly da Rye suka buga a 1979, sun nuna cewa ma'adinan ba su daskare lokaci guda ba, sun zo ne a matakai huɗu. A mataki na farko aka sami ƙanƙara da maika da tofaz da wolfaram da kuza. A na biyu ma'adinai masu haɗe da farar wuta suka biyo baya, daga cikinsu akwai na jan ƙarfe da na tutiya da na baƙin ƙarfe da na asinik. A na uku wasu daga cikin waɗannan suka rikiɗe zuwa wasu ma'adinai. A na huɗu kuma duwatsu dangin farar ƙasa suka rufe sauran guraben.

Azurfa ta zo ne tare da ma'adinan farar wuta, bayan wolfaram ya riga ya zauna. Ba a samunta a dunƙule yadda ido zai gani. Tana ɓoye ne a matsayin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi a jikin ma'adinin jan ƙarfe da maƙwabtansa, sai da madubin ƙara girma ake ganinta. A 1985 Wimmers ya yi nazari na musamman a kan waɗannan ma'adinan azurfa na Panasqueira. Wannan tsari shi ya sa ba a taɓa haƙa rami domin azurfa ita kaɗai a wurin ba. Duk wadda aka samu tana tafiya ne a cikin garin jan ƙarfen da ake sayarwa, a can matatar da ta saya ake raba su, a ƙara wa mahaƙar kuɗi gwargwadon azurfar da aka tarar.

Har yanzu masana suna muhawara a kan dalilin da ya sa wolfaram ya daskare a daidai inda ya daskare. Wolfaram na Panasqueira haɗin tangistin ne da baƙin ƙarfe. Lecumberri-Sanchez da abokan aikinta, a 2017, sun kawo hujjar cewa ruwan ya zo da tangistin, shist kuma ya ba da baƙin ƙarfen, don haka sai da baƙo ya gamu da ɗan gida sa'an nan ma'adinin ya samu. Korges da abokan aikinsa kuwa, a 2018, a binciken da suka yi a wata mahaƙa dabam, sun fi jingina abin ga saukar matsi da tafasar ruwan a lokacin da tsagogin suka buɗe.

4.0 Tarihin Haƙa

4.1 Daga Farko Zuwa 1939

Ruwayar mutanen yankin ta ce wani mai toya gawayi daga ƙauyen Casegas ne ya fara tsintar baƙin dutse mai walƙiya da nauyi a kan tudun, labari ya yi ta tafiya har ya kai Lisbon, babban birnin ƙasar. Abin da takardu suka tabbatar shi ne an kafa kamfanin haƙar wolfaram na farko a 1896, gwamnati kuma ta ba da izinin haƙa a 1898.

Wannan lokaci ya dace da sauyin da ake samu a masana'antun Turai da Amurka. Tun a 1868 Robert Mushet ya gano a Ingila cewa ƙarfen da aka zuba wa tangistin yana da taurin da ya fi na sauran. A bajekolin duniya da aka yi a Faris a 1900, aka nuna wani ƙarfen yanka na Taylor da White wanda yake ci gaba da yankan ƙarfe ko da bakinsa ya yi ja don zafi. Wajen 1910 William Coolidge ya samo hanyar jan tangistin ya zama siririn zare, wanda ya zama lagwanin ƙwan lantarki. A shekarun 1920 kuma Jamusawa suka haɗa tangistin da sinadarin gawayi suka sami wani abu mai taurin da ya kusa na lu'ulu'u, wanda kamfanin Krupp ya riƙa sayarwa da sunan Widia. Cikin shekara sittin kacal, dutsen da ake zubarwa a juji ya zama abin da masana'antar ƙera injuna ba ta iya aiki sai da shi.

A 1911 mahaƙar ta koma hannun wani kamfanin Ingila mai suna Wolfram Mining and Smelting Company. Kamfanin ya kafa igiyar sama mai tsawon kimanin kilomita 5, wadda take ɗaukar dutse a cikin bokitai daga ramuka zuwa wurin wanki a bakin kogin Zêzere. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo kasuwa, ƙarewarsa kuma ta kawo faɗuwar farashi, har aka riƙa jingina da kuza domin a rufe asara. A ƙarshen shekarun 1920 aka sake tsara kamfanin da sunan Beralt Tin and Wolfram, sunan da ya daɗe yana tafiya tare da mahaƙar.

4.2 Yaƙin Duniya na Biyu

Babu lokacin da Panasqueira ta yi tashe kamar shekarun 1939 zuwa 1944. Jamus tana buƙatar tangistin domin injunan yankan ƙarfe da suke ƙera makamai, da kuma harsasan da suke huda tankokin yaƙi, ga shi kuwa ba ta da shi a ƙasarta yadda zai isa. Da can daga ƙasar Sin take samun mafi yawansa. Da jiragen ruwan Birtaniya suka tare teku, sa'an nan Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yuni na 1941 hanyar jirgin ƙasa ta Saiberiya ta toshe, sai ya zamana ba ta da madogara sai Fotugal da Sifen.

Fotugal ba ta shiga yaƙin ba. Shugaban gwamnatinta, António de Oliveira Salazar, ya sami kansa tsakanin wuta biyu. A gefe guda akwai tsohon ƙawance da Ingila wanda ya samo asali tun daga yarjejeniyar Windsor ta 1386. A ɗaya gefen akwai tsoron sojojin Jamus da suka riga suka iso iyakar Faransa da Sifen, ga kuma buƙatar ƙarfe da taki da sauran kayan da Jamus take kawowa. Sai ya zaɓi ya sayar wa kowa. Ya kafa hukumar da take kula da cinikin ƙarafa, a farkon 1942 kuma ya ƙulla yarjejeniyar sayar wa Jamus wolfaram. Kowane ɓangare yana da mahaƙun da ya mallaka a ƙasar. A yankin Arouca, alal misali, Jamusawa suna haƙa a Rio de Frades, Ingilishi suna haƙa a Regoufe, tazarar 'yan kilomitoci ce tsakaninsu. Panasqueira, wadda ta fi kowace girma, tana hannun Ingilishi, abin da ya sa Birtaniya ta fi Jamus samun kaso a jimlace. Bugu da ƙari, Birtaniya da Amurka sun riƙa sayen wolfaram da ba su da buƙatarsa, don kawai kada ya faɗa hannun abokan gaba. Wannan gasa ta sa farashi ya ninka sau da yawa cikin ɗan lokaci.

Alkaluman ma'aikata sun isa su nuna girman abin. A 1933 mahaƙar tana da ma'aikata kimanin 750. A 1940 sun kai 3,300, a 1943 kuma sun doshi 5,800. Ban da waɗannan akwai wasu kimanin 4,800 da suke tona ƙananan jijiyoyin da suka fito fili a kan tuddai, don kansu, su sayar wa kamfani a kan ma'auni. Wannan tsari shi ake kira kilo. Akwai kuma waɗanda ake kira saltipilha, masu haƙa ba da izini ba, su sayar wa 'yan fasa-ƙwauri waɗanda sau da yawa suke biyan kuɗin da ya fi na hukuma. Manoma sun bar gonaki, makiyaya sun bar garke, mata da yara suna wankin tsakuwa a bakin rafi.

Harshen Fotugal ya sami sabuwar kalma a wannan zamani, volframista, wato wanda ya yi kuɗin dare ɗaya ta hanyar wolfaram. Labaran da ake bayarwa a kansu suna da yawa: wai wani yakan kunna taba da takardar kuɗi, wani kuma yakan jera alƙaluma masu tsada a aljihu alhali bai iya rubuta sunansa ba. Marubutan ƙasar ma ba su bar abin ya wuce su ba. Aquilino Ribeiro ya rubuta littafin ƙagaggen labari mai suna Volfrâmio, Fernando Namora kuma, wanda likita ne da ya yi aiki a karkarar Beira Baixa, ya fitar da Minas de San Francisco a 1946.

Akwai wani ɓangare mai duhu a wannan ciniki. Jamus ta biya wani kaso na kayan da ta saya da zinariya, wadda yawancinta ta biyo ta bankin ƙasar Suwizalan. Binciken da aka yi bayan yaƙi, har da rahoton da gwamnatin Amurka ta fitar a 1998 a ƙarƙashin jagorancin Stuart Eizenstat, ya nuna cewa a cikin wannan zinariya akwai wadda aka wawashe daga manyan bankunan ƙasashen da Jamus ta mamaye.

Da alamu suka nuna inda nasara ta karkata, matsin lamba a kan Salazar ya ƙaru. A watan Oktoba na 1943 ya bai wa Birtaniya damar amfani da tsibiran Azores. A watan Mayu na 1944 Sifen ta amince ta rage abin da take aika wa Jamus, bayan Amurka ta hana ta man fetur. A farkon watan Yuni na 1944, daidai lokacin da sojojin ƙawance suke shirin sauka a Normandi, Fotugal ta hana fitar da wolfaram zuwa kowace ƙasa, ta kuma ba da umurnin rufe mahaƙun. Hukuncin ya haɗa har da Panasqueira, duk da cewa ta Ingilishi ce. Dubban mutanen da suka bar gona saboda rami suka wayi gari babu aiki, ba a sake buɗe mahaƙar ba sai a 1946.

4.3 Bayan Yaƙi

Abin da ya biyo baya maimaici ne na hawa da sauka. Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya sake ɗaga farashi. Daga ƙarshen shekarun 1950 kasuwa ta faɗi, kuma a wannan matsi ne, a farkon shekarun 1960, kamfanin ya fara tace jan ƙarfe daga abin da a dā yake zubarwa. Ta wannan ƙofa ce azurfar Panasqueira ta shiga kasuwa, bayan fiye da shekara sittin ana haƙa. Bayan juyin mulkin watan Afrilu na 1974, wanda ya kawo ƙarshen mulkin kama-karya a Fotugal, albashin ma'aikata ya tashi, kamfanin kuma ya ƙara dogara da injuna ya rage hannaye.

A shekarun 1980 ƙasar Sin ta cika kasuwannin duniya da tangistin mai araha, mahaƙu da yawa a Turai da Amurka suka rufe. Panasqueira ta yi ta jurewa har zuwa ƙarshen 1993, inda ita ma ta dakata, aka sake buɗe ta a farkon 1995. Daga nan ta yi ta sauya hannu. Kamfanin Sojitz na Japan ya saye ta a 2007, kamfanin Almonty kuma ya karɓa a 2016. A 'yan shekarun nan ƙasar Sin ce take samar da kimanin kashi 80 cikin 100 na tangistin da ake haƙowa a duniya. Tarayyar Turai ta sanya shi cikin jerin ma'adinan da take fargabar yankewarsu, kuma a watan Fabrairu na 2025 Sin ta ƙaƙaba sharuɗɗa a kan fitar da shi. Wannan ya sake jawo hankalin manyan ƙasashe zuwa ga tsofaffin mahaƙu irin wannan.

5.0 Yadda Ake Haƙa da Abin da Haƙar ta Ci

Kwanciyar jijiyoyin ita ce ta tsara yadda ake aiki. Hanyar da ake bi a yanzu ita ce ta ɗaki da ginshiƙi: a fasa dutse da nakiya a bi jijiya, a buɗe hanyoyi masu gicciye da juna, a bar manyan ginshiƙan dutse suna riƙe da rufi. Daga baya a dawo a riƙa rage ginshiƙan har su koma kimanin mita 3 a kowace kusurwa. Tun da kaurin jijiya bai fi taƙi ɗaya ko biyu ba, ramin kuwa dole ya haura mita 2 domin mutum da inji su wuce, yawancin abin da ake fitarwa dutsen banza ne. A cikin tan guda na dutse, tangistin da ake samu bai wuce 'yan kilo kaɗan ba.

A matatar da ke Barroca Grande ana farfasa dutsen, a raba mai nauyi da marar nauyi, domin wolfaram ya ninka ƙanƙara nauyi kusan sau uku. Ma'adinan farar wuta ana tsame su ne da kumfa, daga cikinsu ake samun garin jan ƙarfe mai ɗauke da azurfa. Saura wolfaram da kuza, waɗanda nauyinsu ya yi kusa da juna, abin da ya gagari mahaƙan Saksoni tun ƙarni na 16. Maganaɗisu mai ƙarfi ne ya warware matsalar, domin yana jan wolfaram ba ya jan kuza. A wasu guraben jijiyoyin kuma akan tarar da ma'adinai sun tsiro da kyakkyawar siffa, musamman afatait mai launin kore ko shunayya, waɗanda gidajen tarihi na ƙasashe da dama suke ajiye da su.

Sai dai ramin ya ci mutane. A shekarun da ake huda dutse a bushe, ƙurar ƙanƙara takan shiga huhun mahaƙi ta zauna, huhun ya yi ta taurara har numfashi ya gagara. Wannan cuta, silikosis, ba ta da magani, kuma sau da yawa tarin fuka yakan biyo bayanta. Ta kashe magidanta da yawa tun ba su tsufa ba a ƙauyukan da ke kewaye, irin su São Jorge da Beira, wanda a dā ake kira Cebola, da Aldeia de São Francisco de Assis. Huda da ruwa da kyautata shigar iska sun rage cutar daga baya, amma sun zo a makare ga mutanen zamanin tashe.

Ƙasar ma ta ɗauki rabonta. Tsibin tsakuwa da laka na fiye da shekara ɗari suna nan jibge a Barroca Grande da kuma Cabeço do Pião, inda tsohon wurin wanki yake a kan gangaren kogin Zêzere. A cikinsu akwai asinik mai yawa, wanda guba ne, ruwan sama kuma yakan wanko tsami da ƙarafa daga jikinsu. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne a kan wannan kogi, can gaba, madatsar Castelo de Bode take, wadda birnin Lisbon yake shan ruwanta.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi Panasqueira daga samuwar duwatsunta zuwa halin da take ciki. An ga cewa giranit da ya kutsa cikin shist ne ya samar da ruwan zafin da ya cika kwantattun tsagogi da ƙanƙara da wolfaram, kuma azurfa ta biyo baya a ɓoye cikin ma'adinin jan ƙarfe. Tun kimanin shekara miliyan 295 jijiyoyin suke yadda suke. Ƙaddarar mahaƙar kuwa ta sauya sau da dama cikin ƙarni guda da 'yan kai: ta tashi da ƙarfen yanka na 1900, ta kai ƙololuwa a 1943, doka ta rufe ta a 1944, kasuwa ta rufe ta a 1993, yau kuma takaddamar ciniki tsakanin manyan ƙasashe ta sake ɗaga darajarta. A kowane karo a wani wuri dabam ake yanke hukuncin, a Landan ko Balin ko Lisbon ko Bejin.

Kalmomin da haƙar ta bari su ma shaida ne. Wolfaram ya fara a matsayin zagin mahaƙin da ya yi asarar kuzarsa, ya ƙare a matsayin sunan abin da ake biya da zinariya. Volframista da kilo da saltipilha kuwa sun adana tarihin shekaru biyar na kuɗi da haɗama da wahala a bakin mutanen da kakanninsu suka shiga ramin. Mai nazarin harshe da ya bi irin waɗannan kalmomi a kowace al'ummar mahaƙa zai tarar da tarihin da littattafan lissafin kamfani ba su rubuta ba.